Ranar da Mai Unguwa Ya Ci Zogale

Shekarun baya, muna haya a Mabera, a gidan mai unguwarmu. Ni dama Allah ya yi ni da tsoro, ko akuya ce ta yi atishawa sai gabana ya faɗi. Ga shi kuma ana raɗe-raɗin zai tashi ɗaya daga cikin 'yan haya, ya ba ɗan ƙanensa ɗaki. Mu ne baƙi, mu ne Kiristoci kaɗai, sai na yanke wa kaina hukunci: mu ne.

Ɗiyata tana shekara biyar. A makarantar Lahadi aka ba su labarin sarkin Babila da ya yi fahariya wai shi ya gina birninsa da ƙarfinsa, Allah ya ƙasƙantar da shi har ya koma daji yana cin ciyawa kamar sa. Yarinya ta riƙe labarin nan gam.

Wata safiya mai unguwa ya shigo duba katanga. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Gidan ga, ni nag gina shi da hannuna, babu wanda yat taimake ni!"

Sai na ji 'yar murya a bayan zanena: "Baba, kada ka faɗi haka. Za ka ci ciyawa."

Wallahi ludayin hannuna sai da ya faɗi. Ya juyo. "Mi tac ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zazzaɓi take yi." Ya dube mu, ya fita.

Na wuni ina ɗaure tukwane a buhu. Maigidana ya dawo ya ce, "Wa ya kore mu?" Na ce, "Ba a kore mu ba tukuna, ina rage wa kaina aiki ne."

Washegari na ja yarinyar mu je ba da haƙuri. Tun a hanya nake koya mata: ki durƙusa, ki yi shiru. Muka tarar da shi a zaure da dattawa, ga kwanon kwaɗon zogale a gabansa, ganye har a gemu. Ɗiyata ta ƙwalla ƙara ta fashe da kuka: "Mama, ya fara!"

Na so ƙasa ta tsage. Ya ce, "Taho nan, ɗiyata. Mi nif fara?"

Tana sheshsheƙa ta ba shi labarin kaf, har da farcen sarkin da ya yi zaƙo-zaƙo. Dattawa suka yi ta dariya, ɗaya har hularsa ta faɗi. Mai unguwa ya share gemu ya ce, "Naku sarkin ya samu sauƙi. Wanda mu muka sani, sauro guda Allah yat tura mai cikin hanci. Mulki na Allah na, yarinyar ga ta yi gaskiya." Sannan ya dube ni. "Ke kuma, an ce kina ɗaurin kaya. Wa yab ba ki izini? Kwance su."

Mun ƙara shekaru a gidan. Na sha jin ana karantawa a coci cewa Allah ne ke naɗa sarakuna, shi ke sauke su, ina cewa amin, amma sandar mai unguwa ta fi ba ni tsoro. Sai da 'yar shekara biyar ta nuna min wanda ya fi girma.

Shi kuwa, har muka tashi, in zai ce ya yi wani abu, sai ya waiga ya ga ko tana kusa, sannan ya ƙara da, "Da ikon Allah."