Ranar da aka bar wa kwamfuta ɗaya inji guda a Kiru

Akwai ranar da ba na jin zan manta da ita, ko da yake shekaru sun ɗan ja, kuma ba zan rantse cewa komai ya zauna mini daidai a kai ba. Wataƙila na gabatar da wata magana, na jinkirta wata. Amma gundarin abin, ina ganin haka ya faru.

Lokacin na dawo gida Kiru bayan bautar ƙasa, ina jiran aiki. Wani abokina tun na firamare ya buɗe ɗan shagon wasan kwamfuta a bakin kasuwa. Ya samo tsohuwar kwamfutar ofis, ya je Kano ya sayo mata katin hoto, wato abin da ke sa wasa ya fito tar kuma ya gudu ba tangarɗa. Jarinsa kaf a katin nan yake. Wuta kuwa, kamar sauran shagunan layin, yana shan ta ne daga wurin wani dattijo mai babban janareta, wanda duk muke kira Baba.

Matsalar ita ce, kwamfutar za ta tashi lafiya lau, amma da wasa ya yi zafi sai ta mutu ɗif. A wajenmu kuwa in abu ya mutu, wuta ake fara zargi, don ita ta saba yi mana haka. Abokina ya shiga faɗa wa maƙwabta cewa injin Baba ya tsufa, wutarsa ba ƙarfi. Har mai aski da mai sayar da ƙanƙara suka fara zancen komawa wurin wani mai injin.

Abokina ya tambaye ni, tunda ni na karanta kwamfuta. Na ce masa mai yiwuwa daga injin ne, mai yiwuwa kuma daga cikin kwamfutar, sai an buɗe an gani.

"Kai dai kullum mai yiwuwa," in ji shi. "Ba wanda zai buɗe mini ita. Wanda ya haɗa ta ya ce kar a taɓa."

Zancen ya kai kunnen Baba. Da hantsi sai ga shi da fulaya a hannu, bai ko zauna ba.

"Yaro, an ce kana tallan injina a kasuwa. To yau zan cire wa kowa wuta, in bar maka shi kai kaɗai. In abarka ta tsaya, laifina ne, zan faɗa a gaban jama'a. In ta mutu, da fulayar nan zan yanke wayarka."

Ya kuwa cire. Fankoki suka tsaya, mai aski ya fito da mutum rabin kai a aske, jama'a suka cika ƙofar shagon abokina. Injin da ke ɗaukar layi guda yana ruri saboda kwamfuta ɗaya. Abokina ya kunna wasan tseren mota. Motoci suka tashi, suka sha kwana, sai allon ya yi baƙi.

Ba wanda ya yi dariya sai mai rabin askin. Abokina ya zauna a kan benci. Ba wuta, ba shago, wannan kowa ya sani.

Na ce, "Baba, don Allah a ba ni dama in buɗe ta. Ban tabbata ba, amma..."

"Buɗe, ɗan boko. Yau dai ka tabbata."

Na kwance murfin. A ciki akwai ɗan akwatin ƙarfe da ke karɓar wuta daga soket ya rarraba wa kayan kwamfutar. Nasa na ofis ne, a jikinsa an rubuta ƙarfin wutarsa, wat ɗari uku, in ban manta ba. Kwalin katin kuma ya nemi kusan ninki biyun haka. Ga shi akwatin ba shi da wayar da katin ke buƙata, an yi masa jone-jone, robar wajen har ta fara narkewa tana wari. Na bayyana musu cewa komai girman inji, ta akwatin nan wutar za ta bi, kuma ba zai ba da abin da ya fi ƙarfinsa ba. Da katin ya nemi ƙari sai akwatin ya kashe kansa. Da an ci gaba a haka, ina tsoron katin ma da ya tafi.

Baba ya sunkuya ya shinshina wayar, ya juya ga abokina.

"Ashe gobara ka ajiye mana a layi," ya ce. Ya sa fulayar a aljihu. "Ba zan yanke ba, ubanka mutumin kirki ne. Amma kar ka sake kunna ta sai ka sayo akwati mai ƙarfi. Kuma bakin da ya zaga shaguna ya ɓata injina, shi zai sake zagawa ya gyara."

Ya zaga ɗin, ina biye da shi, shago bayan shago. Wannan ya fi masa zuwa Kano sayen sabon akwati wuya. Da muka je kuwa, mun sayo akwati mai wat fiye da abin da kwalin ya nema, mai wayar katin tasa ta kansa, muka bar masu arha marasa nauyi duk da daɗin bakin mai shago. Iya sanina, kwamfutar ba ta sake mutuwa ba.

Abin da na koya, duk mai sayen katin hoto ya fara duba akwatin da zai ba shi wuta, ya kuma bar masa rara. Sannan kafin mutum ya kai sunan wani kasuwa, ya buɗe kayansa ya leƙa.

Mutane da yawa sun tsaya a ƙofar shagon ranar. Wanda ya ga inda na kauce, don Allah ya aiko mini da gyara, musamman bawan Allahn da ya tsaya da rabin aski, don ya fi ni kusa da allon.