Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya na Hajiya

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka 'yata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ga na tsaya ina share hawaye ta jira ni, ba kunyarsu nake ji ba. Abin da ya tayar da zancen shi ne, jiya na ji ta da mijinta suna gardama a kan abin sauraron nan da ake sa wa a kunne, iyafis, shi yana cewa wai mai araha ba shi da sauti kuma ciwon kunne yake sa wa. Na ce musu a kan wannan dai ni ce malamarku, ku zauna ku ji.

Maigidana baduku ne, rumfarsa tana Kasuwar Kurmi, gidanmu kuma a Madabo. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake ce masa. Tun da daɗewa, da ya je aikin Hajji, bai dawo tare da alhazai ba, ya tsaya wasu watanni wajen wani ɗan garinmu yana ɗinkin fata. Sai ya aiko mini da kaset. A farkonsa ya ce, "Na san in na aiko takarda sai an nemo mai karanta miki, shi ya sa na aiko da bakina." Fuska ɗaya gaisuwa ce ga dangi da maƙwabta, aka sa a tsakar gida kowa ya ji. Ɗaya fuskar kuwa ya ce tawa ce ni kaɗai. Sau ɗaya na saurare ta. Na rage murya, na manna kunnena a jikin rediyo, gabana yana faɗuwa kada wani ya shigo. Rabin maganar ma shuuu ɗin kaset ya cinye. Na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan kwalla. Da Malam ya dawo ban ce na ji ba, shi ma bai tambaye ni ba. Haka zamaninmu yake.

Da na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, kwanakin farko gida cike yake da mutane. Bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta fara ɗaukewa, a nan na san an yi mini mutuwa. Ba abin da nake so a duniya kamar in ji muryarsa. Kaset yana nan, rediyo yana nan, amma kun san gidajen cikin gari, katanga ɗaya ce ta raba mu. In ka yi atishawa a ɗakinka, maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a. Ta yaya tsohuwa kamata za ta kunna maganar mijinta unguwa ta ji?

Ƙanena yana sayar da kayan yaji a Kurmi, kullum yakan biyo ya gaishe ni. Na taɓa ganinsa da 'yar ƙaramar rakoda mai cin batir biyu, na ce ya ara mini, ya kuma samo mini abin nan da mutum ke jin magana shi kaɗai.

Ya ce, "Yaya, me za ki ji haka a ɓoye? Ko ke ma kin shiga jam'iyya ne ba mu sani ba?"

Na ce, "Don dai uwarmu ɗaya, da yau ka sha zagi. Je ka kawo abin da na ce."

Washegari ya zo da guda biyu. Ɗaya babba, mai ƙarfe a bisa kai da faifai biyu a kunnuwa, ya karɓo a shago in gwada. Ya ce, "Wannan shi ne na gaske." Na ɗora a kan ɗankwali, ya dube ni ya tuntsire da dariya, wai na zama direban jirgin sama. Na cire na miƙa masa. Komai daɗin sautinsa, abin da za a hango tun daga soro ba shi da amfani a wurina. Ɗayan kuwa 'yan ƙwallaye biyu ne a bakin siririyar waya baƙa. Ya ce, "Wannan na kan faranti ne, irin wanda ake zubawa a bakin kasuwa, araha kamar gyaɗa. Ba zai kai miki sati ba." Na ce shi nake so, don yana ɓuya a ƙarƙashin mayafi.

Gaskiyar mijin 'yata guda ɗaya ce, abin yana da ciwo. Tauri gare shi kamar ƙwallon dabino. In na tura shi ciki ya ƙwarzane ni, in na sassauta ya faɗo. Muryar ma sai ta fito da kaifi, kamar ana magana a cikin gwangwani. Kwana biyu kunnena na dama ya kumbura, har maƙwabta suna ba ni maganin sanyi, ni kuwa na san sanyin da ke damuna.

Amma ba a banza na zauna da baduku shekara arba'in ba. Malam yakan kawo aiki gida, ni nake yi masa ƙananan ɗinki. Na buɗe jakar kayan aikinsa, karo na farko tun rasuwarsa. Sai da na yi kukana na ƙoshi, sannan na zaro wani guntun fatar ɗan akuya mai laushi, irin wadda yake shimfiɗawa a cikin takalmin jarirai. Na yanka 'yan ƙanana biyu, na ɗinke ƙwallayen a ciki kamar ana ɗinka laya. Na sa a kunne, laushi kamar auduga. Na kunna, sai na ji Malam yana magana kamar daga ƙasan rijiya. Ashe na toshe inda muryar ke fitowa. Na yi wa kaina dariya, na ce da yana nan da ya ce, "Ke dai aikinki kyau ne da shi, tunani ne ya yi kaɗan." Na ɗauko basillarsa na huda ƙananan ƙofofi a gaban kowanne, na sake gwadawa.

Wallahi ban san yadda zan gaya muku ba. Fatar ta shanye kaifin nan, ta kuma toshe hayaniyar waje. Muryarsa ta zo ta zauna a tsakiyar kaina. Abubuwan da babban rediyo bai taɓa jiyar da ni ba, duk na ji su. Na ji numfashinsa. Na ji gyaran muryar da yake yi kafin ya faɗi magana mai nauyi. Na ji ya kurɓi shayi ya ajiye kofi, na ji carbinsa yana ƙwas-ƙwas a hannu. Maganganun da shuuu ya cinye mini a da, ranar na ji su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, kullum tsakanin azahar da la'asar, in gida ya yi shiru, sai in ja mayafi in zauna da mijina.

A nan ne na yi kuskure. Abin ya yi mini daɗi har na manta yana toshe kunne. Wata rana wata maƙwabciyarmu ta shigo, ta yi sallama har sau uku ban amsa ba. Ta ɗaga labule, ta same ni ido a rufe, waya ta leƙo daga mayafi, ina dariya. Daidai wurin ne Malam yake ba ni labarin yadda ya roƙi masu abinci a can su yi masa miyar kuka, suka kawo masa wani koren abu mai tsami, ya ci yana tuna ni. Ta saki labule ta fita. A lokacin kuwa gari ya cika da kaset-kaset na waƙoƙin siyasa, ko'ina su ake ji. Kafin kwana biyu magana ta zaga, wai matar baduku ko wata biyu ba ta yi a takaba ba, tana ɗaki tana jin kiɗa tana ƙyalƙyala dariya.

Maganar ta isa unguwar Kabara, gidan yayar maigidana. Hajiya muke ce mata. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan nake shakkarta. Ba ta taɓa yaba girkina ba, ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Amarya, har na yi furfura. Ta zo da rana tsaka, ta same ni da abin a kunne. Ba ta ko zauna ba.

Ta ce, "Amarya, ashe gaskiya ne. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kin fara shagali. Miƙo mini wannan abin da kaset ɗin da ke ciki, yau a murhu za su kwana."

Na rungume rakodar a ƙirjina na ce, "Hajiya, ba kiɗa ba ne."

"To mene ne? Wa'azi ne yake ba ki dariya?"

Ta yaya zan buɗe baki in ce wa yayarsa maganar ƙaninki nake ji, wadda ya yi mini ni kaɗai? Mu da ko tabarma ɗaya ba mu taɓa zama a gabanta ba.

Ta ce, "In ba kiɗa ba ne, ba ni in ji. Kuma daidai inda kika tsaya, kada ki juya, kada ki taɓa komai."

Da ta bar ni na juya, da na sa mata fuskar gaisuwar dangi, an wuce wurin. Ga shi ta hana. Na san abin da ke gaba a kaset ɗin, kuma na fi son ƙasa ta tsage in shige da ta ji shi. Amma na duba, in na ƙi, murhu ne. Kunya takan wuce, muryar da ta ƙone kuwa ba ta dawowa. Na cire na hagu na miƙa mata, na bar na dama a kunnena. Wayar gajeriya ce, dole ta zauna a kan tabarmata, kafaɗarta tana taɓa tawa. Ta juya ƙwallon a hannu ta shinshina, ta ce, "Wannan ai fatar rumfarsa ce." Ta sa a kunne. Na danna.

Malam ya yi gyaran murya. Na ji Hajiya ta zabura. Sai ya ce, "Kuma ki daina jin tsoron Yaya, bakin ne kawai. Ba ta so ki sani, amma ita ta gano mini ke a gidan biki. Ta ce in ban aure ki ba, ba ita ba ni. Ko da zan taho sai da ta ja mini kunne, wai in na kuskura na dawo ban sayo miki turare ba kada in taka gidanta."

Ban iya ɗaga kaina ba. Kaset ya ci gaba, ya kurɓi shayinsa, ya shiga wata maganar. Hajiya ba ta cire ba. Can na ji kafaɗarta tana rawa.

Ta ce, "Surutu dai. Har a Makka bai iya riƙe bakinsa ba." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Kin ji gyaran muryar nan? Ta babanmu ce sak. Mayar da shi baya in sake ji."

Na mayar. Muka yi kuka tare har aka kira la'asar. Da za ta tafi ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan katanga, ta ce, "Duk mai son sanin abin da Amarya ke ji, ta zo Kabara ta tambaye ni. Ni na ji, kuma ni ma zan dawo in ƙara." Daga ranar ban sake jin maganar kiɗa ba.

Ta kuwa riƙa dawowa. Duk Juma'a da hantsi sai ta shigo ta ce, "Amarya, ina kunnena?" Iyafis ɗin da ƙanena ya ce ba zai kai sati ba, sai da ya fitar da ni takaba ya kuma ƙara shekaru. Da wayar ta fara tsagewa a wuya, na naɗe ta da zaren ɗinkin fata. Ba zan ce Hajiya ta fara yaba girkina ba, kada in yi mata ƙarya tana kabari. Amma na daina shakkarta.

Shi ya sa na ce wa 'yata da mijinta, ni ba a ruɗa ni da tsada. In za ku gwada irin wannan abin, kada ku gwada shi da kiɗa, kiɗa yana rufe aibi. Ku sa muryar wanda kuka sani. In kun ji numfashinsa, sautin ya yi. In kun daɗe da shi har kun manta yana kunnenku, zamansa ya yi. In ya yi tauri kuma, ba jefarwa ake yi ba, gyarawa ake yi. Sai dai ku bar ƙofar ɗaki a inda za ku ga mai shigowa, kada ku yi irin tawa.

Yanzu 'yata ta sa an kwashe muryar daga kaset an zuba mini a waya, ta kuma sayo mini sabon iyafis. Shi ma na ce mai araha nake so, mai waya, na ɗinka masa rigarsa da ragowar fatar nan. Har yau in na ji gyaran muryar Malam sai na yi kuka, kuma ba na ɓoyewa. Hajiya ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansu da rahama su duka biyun. 'Yata takan ce, "Inna, ki sa duka biyun mana, sautin ya fi cika." Na sani. Amma na dama kawai nake sawa. Na hagun nakan bar shi a kan kafaɗata, na Hajiya ne.