Allurar da na yi kwana tara ina gudu

Assalamu alaikum. Wata biyu da kwana huɗu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Na ga saƙonninku, ƙarfin amsawa ne ban samu ba. Yau zan faɗa muku abin da ya same ni yadda ya faru, ba ƙari.

Wata Litinin, sati uku bayan na karɓo sakamakon jami'a, na tashi da zazzaɓi da ciwon kai. Na sha farasitamol na ci gaba da harkokina. Ranar Laraba ina saka kwalli sai na ga farin idona ya koma ruwan ɗorawa. Fitsarina kuma ya yi duhu kamar shayin da ba madara.

Ni mai tsoro ce, kuma in tsoro ya kama ni waya nake fara ɗauka. Na ɗauki hoton idona na tura guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare.

Cikin awa ɗaya na samu amsa talatin da ɗaya. Kusan duk bakinsu ɗaya: shawara ce, kuma shawara ba ta son allura. Ƙawata Bilkisu ta rubuta, "Habiba, don Allah kada ki je asibiti. 'Yar ƙanwar babana ana yi mata allura ko sati ba ta yi ba." Wata ta turo bidiyon mai sayar da maganin shawara a jarka.

Gwaggo, yayar Babanmu da ke zaune da mu a Ƙofar Guga, ta duba idona ta ce, "Mi za a je yi asibiti? Wannan tun muna yara mun san shi."

Na sayi jarkar, naira dubu shida, ina shan kofi ɗaya safe da yamma.

Abin da ke ba ni kunya, kullum ina auna zafin jikina ina rubutawa. Na ga ya kai 39.6 da idona, amma ban tafi asibiti ba. Sallah ta koma a zaune. In na miƙe sai in ga duhu.

A kwana na tara Rifkatu ta kira ni. Tare muka yi aji, yanzu tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma sai ranar ta buɗe guruf ɗin.

Ta ce, "Ke Habiba, da digirinki guda, 'yan ajinmu kika kai wa idonki su duba? Wace ce likita a ciki, Bilkisu mai atamfa? Ja fatar ƙasan idonki ki faɗa mini launinta."

Na ce, "Fari ne."

Ta ce, "Ba ni Umma."

Ban san me ta gaya wa Umma ba. Na dai ga ta ɗauko mayafi, ko kallon Gwaggo ba ta yi ba.

A asibiti aka yanki kati, aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, ma'aunin jinina ya sauka zuwa 17. Likitar ta ce shawara alama ce, cututtuka da yawa na kawo ta, tawa kuma ƙwayoyin jini ne zazzaɓin ke farfasawa. Maganin allura ce ta jijiya, nan take.

Na janye hannuna na fara kuka. Na ce, "Likita, an ce…"

Ta ce, "Na san abin da aka ce, kullum ina jin sa. Waɗanda kike jin sun rasu bayan allura, yawanci sai da ciwo ya gama cin su aka kawo su. Ke ma saura kaɗan."

Umma ta kama hannun ta miƙa wa likitar da kanta. "Yi bismilla, 'yar nan. Ni na ce."

Aka yi. Na zuba wa agogon bango ido ina jiran mutuwa. Minti arba'in na ƙirga, sai barci ya ɗauke ni.

Saura jini. Leda biyu ake buƙata, irin nawa kuma, O negatif, babu a ajiye. Na gida duk aka gwada, ba wanda ya dace. Yaya Nura ya rubuta neman taimako a shafinsa, aka yi ta turawa, har cikin guruf ɗin nan namu. Kafin la'asar mutum biyar suka zo, biyu suka dace. Ɗaya tela ne daga unguwar Gobarau da ba mu taɓa gani ba, bai ma tsaya an yi masa godiya ba. Ɗayan mijin Bilkisu ne. Ita ta taso shi daga shago, ta tsaya bakin gadona tana kuka.

Ban riƙe ta a raina ba. Abin da aka gaya mata ta gaya mini, don tana so na.

Kwanana shida a kwance, kuɗin da aka kashe ya haura dubu ɗari da talatin. Gwajin satin jiya ya nuna ma'aunin jinina ya kai 34. Idona ya washe, ina sallah a tsaye. Alhamdu lillahi.

Na gode wa Allah, na gode wa Umma, da Rifkatu, da likitar da ba ta yi mini tsawa ba, da masu jinya, da ku da kuka tura saƙon.

In idonka ya canza launi, asibiti za ka kai shi, ba guruf ba. In wani ya turo maka hoton ciwonsa, amsar da ta fi ita ce ka tambaye shi ko yana da mai raka shi. In kuma za ku nemi jini, ku saka kwanan wata, don har jiya ana kiran Yaya Nura a kan saƙon nan.

Don Allah ku daina tura shi, ni na warke. Amma wanda ya yi niyyar ba da jini kada ya fasa, ya je asibitin da ke kusa da shi. Ranar da aka sallame ni, ban gama haɗa kaya ba aka kwantar da wata a gadon.