Harawa Don Babur ɗin Malam

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka kawo ni Fakku, gidan gandu. Uban su maigidana ya riga ya rasu, don haka magana tana hannun wansa, wanda yake koyarwa a makarantar boko a Tambuwal, sai hutu yake zuwa gida. Malam muke ce masa. Ba na kallon fuskarsa, ba na yi masa magana baki da baki. Haka aka koya mini a gidanmu.

A kakar nan wani mai motar ɗaukar gyaɗa daga Dogon Daji ya ce maigidana ya zo ya koya masa tuƙi. Na yi murna, don duk rani sai ya tafi cin rani kudu a ƙasa, ya dawo da tari, dugadugansa a fashe. Ina bayan zana ina tankaɗe sa'ad da ya nemi izni.

"Ba ka zuwa," in ji Malam. "Man da mota taka sha, haƙo shi aka yi daga ƙasa, kamar ruwan rijiya. Na karanta, masana sun auna. Zai kai iyakar hawansa, shi fara ja da baya. Nan da shekara biyar motocin ga kaji za su riƙa kwana ciki. Riƙe jakinka."

Maigidana ya ce to. Ni kuwa na zaro gawayi daga murhu, na ja layi ɗaya a bayan rumbu. Kowace kaka ina ƙara ɗaya.

Rani na uku na haifi 'yata ba ya nan, aka yi suna ba ya nan. Rani na huɗu a kan jakin wani baƙo aka dawo da shi, ya yi wata biyu a kwance, ina dama masa kunu, ina kasa kunne ga numfashinsa. Motoci kuwa suna ta wucewa, har sun fi da yawa. Duk da haka ina tsoron kada maganar ta tabbata, don Malam ya yi karatu, ni ban yi ba. Ran kasuwa nakan tambayi mai kananzir ko ya fara yankewa. Ya yi dariya ya ce in da garwa nake so, ya kawo mini har gida.

Na ja layi na biyar da kwana kaɗan, wata Juma'a, sai ga ƙara a ƙofar gida. Malam ne a kan sabon babur.

Bayan an sauko daga masallaci maza suka taru suna sa albarka, suna shafa fitilarsa. Mata suka aika da fura. Ni na hau rumfa na sauko da damin harawar da ya fi kowanne ganye, na goya 'yata, na fita. Na ajiye damin a gaban tayar babur, na durƙusa, na waiwaya wajen goyona kamar yadda mace takan yi in bakinta ba shi da hanya.

"Ke, gaya wa babanki babba ga abincin dabbarshi. Shekara biyar ta cika, kada ta kwana da yunwa."

Wani tsoho mai haƙar rijiya ya fara dariya, saura suka bi shi.

"Ban ce rana guda zai ƙare ba," in ji Malam, yana kallon ƙanensa, ba ni ba. "An samo sababbin rijiyoyi a kudu, lissafi ya matsa gaba. Amma abin da aka ɗiba ba a zubawa, ƙarewa shika yi."

"Wanga gaskiya ne," in ji tsohon. "Na ga rijiyar da ta ƙafe, na kuma ga wadda aka ce ta ƙafe na yashe ta, ta kawo ruwa. To yanzu yaushe, Malam?"

"Watakila shekara ashirin."

Na girgiza goyona. "Ke, tambayi babanki babba, shekara ashirin ɗin ga ta ishi mutum koyon tuƙi, ko sai mai rubutu da alli za ta isa?"

Ban taɓa ganin babban mutum ya ji kunya haka ba. Ya daɗe yana murɗa makullin babur a hannunsa. Daga baya ya ce wa maigidana, "In mai motar nan yana nan kan bakansa, tafi."

Surukata ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata. Maigidana ya yi mini faɗa a ɗaki, yana faɗan yana naɗe tabarmarsa. Bayan kwana uku ya kama hanyar Dogon Daji.

Yanzu tsoron hanya ne ya maye gurbin tsoron rani, kuma tarin da ya kwaso a rani na huɗu bai rabu da shi ba. Saboda tarin nan ban goge layukan ba, ina ƙarawa, ashirin ɗin ma zan ƙirga. Mai yiwuwa wata rana man ya ƙare, ni ban sani ba. Amma duk hutun da Malam ya zo, yakan tarar da ɗan ƙunshin harawa a gindin babur ɗinsa. Tsallakewa yake yi.