Bangon da Aka Hana Wa Siminti

Ranar wata Asabar ce cikin watan Yuni, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya fasa zuwa kasuwar Res Kos inda yake sayar da albasa, ya naɗe ƙafar wandonsa ya ce yau za a yi wa bangon ɗakin Kaka magani. An yi ruwa da safe, gotar bayan gidanmu a unguwar Asawase ta Kumasi tana gudu da jan ruwa da ledoji, ni kuma aka sa ni jido ruwa daga famfo da ƙaramin bokiti. Murna nake, don ba kullum Baba ke wuni a gida ba. Ya zuba yashi a lungu, ya farke bakin buhun siminti, ƙurar ta tashi ta yi masa furfura a gira, ina dariya yana harara ta da wasa. Bai kai ga zuba ruwan farko ba sai ga yayansa, wanda muke kira Baba Alhaji, ya sauko daga motar hayar da muke kira tirotiro daga unguwar Krofrom zai gaida Kaka. Ya tsaya a bakin lungun, ya tattare babbar rigarsa don kada ta taɓa laka.

"Idi, me nake gani haka?"

"Yaya, ragowar aikin ɗakina ne. Na ga ruwa ya cinye gindin bangon Inna, na ce in tare shi kafin damina ta yi nisa."

"Da shawarar wa?" Ya nuna ni da baki. "Ɗakin nan gado ne, ba a raba ba. Yau ka sa siminti, gobe babu kai babu ni, wannan ta tashi ta ce ubanta ne ya gina. Ɗinke buhunka. Sai kowa ya hallara."

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "To, Yaya." Ya nemi allura da zare irin na buhun albasa ya ɗinke bakin buhun a gabansa, ni kuma ina tsaye da bokitina ban san inda zan juye ruwan ba.

Sai da na girma na gane abin da ya faru a lungun nan. Kakanmu daga Nijar ya zo da shanu, ya zauna a Kumasi, ya gina gidan da jar ƙasa. Tun yana raye ya ba kowane ɗa ɗakinsa, saboda haka kowa na da ikon gyara nasa yadda ya ga dama. Ɗaki ɗaya ne bai ce komai a kansa ba har ya rasu, nasa, babban da Kaka ke ciki, wanda bayansa ke kallon hanyar da mutane ke bi zuwa kasuwa. Duk wanda ya same shi, ƙofa ɗaya zai fasa ya zama mai shago. Magadan kuwa sun warwatse: Baba Alhaji a Krofrom, Baba Hamidu ya koma Nijar, Goggo Rabi tana aure a Akra, Babanmu kaɗai ne a gidan. Ba zan ce Baba Alhaji mugu ne ba. Ya ga maƙwabtanmu sun daina gaisawa uwa ɗaya uba ɗaya saboda bayin da ɗayansu ya yi wa daɓen siminti, har sai da aka kai ga kotu. Shi a ganinsa zumunci yake tsarewa. Kaka ma ba ta sa baki ba. In Mma, mahaifiyata, ta yi mata magana a ɓoye, sai ta ce, "Duk ni na haife su. In na ce a sa, an ce na zaɓi ɗaya."

Haka kayan suka koma zaure suna jiran taro. Buhu uku na siminti, tarin yashi, 'yan fallayen kwano da suka rage daga rufin ɗakinmu, da rabin gwangwanin shuɗin fenti. Mu yara ba mu san jira suke ba, mun ɗauka an ajiye mana ne. Kafin damina ta zagayo iska ta shiga simintin ya daskare, ya zama dutse mai siffar buhu, har da lanƙwasar da ya yi inda aka jingina shi. A kansa muke zama a yi mana kitso, a kansa nake aikin makaranta, in muna wasan ampe a zaure wadda ta faɗi nan take komawa ta jira. Yashin kuwa ƙarewa ya yi a hankali ba wanda ya ce an taɓa. Mma ta ɗiba ta goge gindin tukunya, Maame mai gyaɗa da ke haya a ɗakin kusa da ƙofa ta ɗiba ta soya gyaɗarta, mu mu ɗiba mu dafa tuwon wasa a gwangwanin madara. Kwanon aka shimfiɗa ana shanya barkono da kuɓewa. Fentin nan da shi Baba ya yi wa bokitanmu alama don kada su ɓace a layin famfo, ya kuma shafa wa kujerar da nake ɗauka zuwa makaranta, har 'yan ajinmu ke kirana mai shuɗiyar kujera.

Abin da aka yarda a sa wa bangon shi ne laka. Baba Alhaji da bakinsa ya faɗa, laka ba ta zama hujja, ruwa ke zuwa ya wanke ta. Don haka duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, Baba zai sa a kawo jar ƙasa a baro, a zuba a tsakar gida, a watsa busasshiyar ciyawa da ruwa, mu shiga da ƙafa muna tattakawa muna waƙa. Wallahi a lokacin babu aikin da nake so kamarsa. Lakar na fitowa ta tsakanin yatsun ƙafa da sanyi, Kaka na zaune a bakin ƙofarta tana tsokanata, "Ƙawata, taka da kyau, a ƙarƙashinsa kike kwana, ba ni kaɗai ba." Gaskiya ta faɗa, tun ina ƙarama a ɗakinta nake, gadonmu yana jingine da wannan bango. In mun gama tattakawa sai in dinga cura lakar ina miƙa wa Baba, shi kuma yana durƙushe a bakin gota yana cusa ta a gindin bango da cikin tsagar da ta taso daga ƙasa, yana lallashi da tafin hannu kamar mai shafa bayan jariri. Ranar Litinin in je makaranta da jan dunduniya da jan farce, malama ta duba hannu a layi ta ce ban yi wanka ba, in kasa yi mata bayani.

Tsagar nan tare muka girma. Da fari ƙadangare ne kawai ke iya shiga. Daga baya in ruwa ya wanke lakar, ina kwance da rana ina hango ƙafafun masu wucewa ta cikinta, har na san takun mai tallan dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, da silifas ɗin ladan. In aka yi ruwa mai iska, aikina ne in jera kwanoni da roba a inda ke yoyo, in janye tabarmar sallar Kaka, in toshe tsagar da tsumma daga ciki. Ban taɓa jin tsoro ba. Yaro in ya ga ubansa ya sa hannu a abu, ya gama yarda cewa abin ba zai faɗi ba.

Cikin shekarun nan gidan ya yi ta canza kama. Ɗan Baba Hamidu da ke zaune a ɗakin ubansa ya sa tayil, masu haya suka sa tagar gilashi, Baba ya yi mana silin ya ɗaura fanka. Kowa ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, fes. Ɗakin Kaka kaɗai ya rage da fuskarsa ta da. Taron kuwa kullum yana gaba. A ce bayan Sallah, Sallah ta zo Baba Hamidu bai samu zuwa ba. A ce in an zo bikin wance, a zo biki a ce ai ba a kawo maganar gado cikin farin ciki. Mma ta taɓa ce wa Baba ya sayi sabon siminti ya yi aikinsa kawai, in ya so a yi faɗan a gama. Yana cin tuwo ya tsame hannunsa ya ce, "Yayana ne. Da bakinsa ya ce in jira." Ba ta sake tayar da zancen ba, aƙalla a gabanmu.

Daminar bana ta same ni a gida, na gama sakandare ina jiran sakamako. An jera kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, gota ta cika ta hau hanya. Wata ranar Talata da hantsi na ga tsagar ta buɗe har hannuna na shiga zuwa gwiwa, ƙasa kuma na zubowa kan gado da kanta ba wanda ya taɓa. Na kira Baba a waya, ya bar albasarsa ya taho. A gabana ya kira Baba Alhaji, na ji muryar daga wayar tana cewa a lallaɓa, wannan karon da gaske ne, bayan Babbar Sallah kowa zai zo. Baba ya ce, "To, Yaya." Ya cire rigarsa ya rataye a ƙusa.

Ni na tattaka lakar, ni kaɗai, don yaran gidan suna makaranta. Bayan la'asar ruwan ya ɗan tsagaita, muka zagaya lungu, ya durƙusa inda ya saba, ina miƙa masa. Ya sa curi na farko, bangon ya haɗiye shi. Ya sa na biyu. Sai ya dakata, ya ɗora tafin hannunsa a jikin bangon kamar mai sauraron wani abu. Ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba, "Je ki fitar da Inna ki kai ta ɗakin uwarki. Kada ki gaya mata komai, ki ce ana kiranta shan koko." Na ce, "Baba, kai fa?" Ya ce, "Yi sauri mana, uwar surutu. Bari in tare mata nan har ku fita."

Kaka ba ta da sauri. Sai da ta nemi carbinta, sai da ta nemi ɗankwali, tana mita wane irin koko ne da yamma. Ina riƙe da hannunta mun kai tsakiyar gida ke nan na ji shi. Ba ƙara ba ce irin wadda mutum zai zata. Wani nishi ne mai nauyi, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, sai jar ƙura ta fito ta ƙofar ɗakin da muka baro, sai haske, hasken waje a cikin ɗakin Kaka inda haske bai taɓa shiga ba. Ban san na saki hannunta ba. Ban san yadda na zagaya ba. Na dai ga samarin unguwa da masu wucewa suna tono da hannu, Maame mai gyaɗa tana kururuwa da Tonanci, yaren 'yan garin, ni kuma ina ta kiran Baba kamar zai amsa ya ce in rage murya. Da rai aka ciro shi. A cikin tasi, kafin a kai asibiti, ya cika, lakar tana nan a hannunsa ba ta bushe ba.

Kowa ya hallara. Baba Hamidu ya taso daga Nijar, Goggo Rabi ta iso tun kafin a kai Baba makwancinsa. Bayan addu'ar bakwai suka zauna a tsakar gida su uku da Kaka, ina kawo musu ruwa. Maganar da aka yi shekaru ana ɗagawa ba ta kai tsawon shan shayi ba. Baba Alhaji ya ce a gina da bulo, ba wanda ya tambayi na wa zai zama. Ya kira ni, ya kama hannuna, ya buɗe baki sai kuka ya ci ƙarfinsa, dattijo da furfurarsa. Kaka ta dube shi ta ce, "Bar yarinyar nan ta tafi. Ba ita za ka ba haƙuri ba." Ban taɓa jin ta yi wa ɗanta magana haka ba, kuma tun ranar ba ta cika magana ba.

Magina sun zo sun yi aikinsu sun tafi kafin arba'in. Bangon yana nan sumul, an shafe shi ciki da waje, ko tururuwa ba ta da hanya. An mayar da gadonmu inda yake, amma na janye shi zuwa tsakiyar ɗaki. In hadari ya haɗu yanzu, barci ba ya ɗaukata. Mota ta wuce da nauyi a hanya, sai in tsinci kaina a tsakar gida ba takalmi. Ko a gidan mutane na shiga, gindin bangonsu nake fara dubawa kafin in gaishe su, in na ga tsaga sai in kasa zama. Mma ta ce zai wuce, malamin da aka kai ni wurinsa ma haka ya ce, ina kuma roƙon Allah Ya sa hakan.

A da ruwa na zuba a kanmu, ƙasa na zubo mana a gado, ina jera kwanoni ina waƙa, don na san akwai mai zagayawa lungu. Yanzu ko ɗigo ba ya shigowa, kuma ba mai zagayawa. Bango ya tsaya. Ni ce har yau ban tsaya ba.