Wasiƙun Rodda a Bangon Bukka

A makon da aka binne mijin Dulcie Pascoe, famfon tankin ruwan samanta ya soma ɗiga. Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar Lahadi ta dawo daga coci, sai ta tarar da maƙwabcinta Merv Trengove durƙushe a gindin tankin da sifana a hannu. Ya gyara, ya ƙi ko da shayi, ya tafi abinsa.

Merv tsohon makanikin jirgin ƙasa ne. Tun yana saurayi yake tara wasiƙun da tsofaffin injiniyoyi suka rubuta da hannunsu, har mutanen garinsu, Moonta, suna yi masa dariya. Shi kuwa cewa yake daga rubutun mutum ake gane ko yana ɗaure noti da kyau. Wanda ya fi ƙauna shi ne Absalom Rodda, maƙerin da ya ƙera injin iska mai jawo ruwan rijiya, amma ko layi ɗaya na hannunsa bai taɓa samu ba.

Ana nan sai wani manomi, Kev Hocking, ya tashi rushe tsohuwar bukkar masu askin tumaki. A zamanin da, mata sukan dama fulawa su manne bangonta da kowace irin takarda don tare iska. Merv ya leƙa, sai ga sa hannun Rodda a saman taga, ga wasiƙunsa jere har ƙasa.

Kev ya ce, “Baba Merv, ranar Asabar katafila za ta zo. Ba zan ɗaga ba saboda tsummokaranka.”

Merv ya gwada ɓamɓaro su da wuƙa, ta farko ta yage. Ruwa kuma zai wanke tawadar. Sai ya zo wajen Dulcie, don ita ke riƙe da babbar tukunyar shayin coci.

“Maƙwabciya, ara mini tukunyar nan. Tururi nake nema.”

“Kayan ɗakin Allah ne, Merv.”

“To shi Rodda bawan wa ne?”

Ta ɗauko hularta. “Inda ta je, nan za ni.”

Ita ke kula da wuta, shi yana kara bututun tururin a bango. Fulawar ta yi laushi, takardu suka riƙa sakin bango ɗaya bayan ɗaya, Dulcie tana shimfiɗa su a kan zanen gadonta.

Kev ya leƙo. “Dambun bango ake yi ne? A sa mini nawa.”

“Matsa, yaro, kana tare mini haske,” in ji Merv.

Suna jin rurin katafila a ƙofar gona, takarda ta ƙarshe ta sako, da zanen injin a jikinta, ko gefe bai gutsure ba. Merv ya ɗaga ta sama da hannu biyu yana dariya, har Kev ya cire hula.

Yau wasiƙun suna ɗakin karatu na gari, ’yan makaranta na zuwa kallo. Kafin Merv ya rasu ya roƙi Dulcie abu ɗaya.

“Idan masu gyaran takardu suka zo, kada ki bari su kankare fulawar da ke bayansu. Matar da ta dama ta, ita ta riga ni adana su.”