Sandunan Hagu

Maigidana malamin gona ne. A lokacin da nake magana Birnin Kebbi ba ta zama babban birnin jiha ba, komai sai an tafi Sakkwato. Can aka tura shi kwas na wata shida, ya dawo mana da takardar shaida da wata cuta wai ita golf. Cuta mana! Mutum da gemunsa ya ɗauki sanda mai kan ƙarfe, ya bugi 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabo, ya bi ta da ƙafa, ya sake bugu, har sai ta faɗa rami.

Su huɗu ne masu wasan a garin kaf: shi, da maƙwabcinmu wani likita mutumin Filato, da ma'aikatan ruwa biyu. Sun share wani fili bayan gidajen ma'aikata, suka binne gwangwanayen madara suka zama ramuka. Kowace Asabar bayan la'asar suna can da tsofaffin sandunan da suka tsinto a gwanjo, kuma kowace Asabar maigidana ne na ƙarshe. Ƙwallonsa ba ta san hanya ba, kullum sai ta karkace ta faɗa gonar mutane. Abokan suna tsokanarsa wai aikin ofis ne ya biyo shi, duba amfanin gona ya zo yi. Yakan taya su dariya, amma in ya shigo gida tuwon ma sai ya taɓa ya ture. Wata rana ina kwashe kwanuka na ji ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ni dai in buga guda ta tahi miƙe. Ko sau ɗaya."

Ni kuwa abin da ke raina firiji ne. Shekara biyu yana yi mini alkawari. Wanda ya san zafin garin nan a bazara ya san ba kwaɗayi ba ne, har na gama shirya yadda zan riƙa ƙulla ƙanƙara ina sayarwa. Sai ga shi wata ranar Laraba an sauke wata doguwar jakar fata a ƙofar gidanmu, ƙanin likita ya taho da ita daga ƙasar waje. Maigidana ya zuge ta, sanduna sababbi fil suna ƙyalli. Bai yarda mun haɗa ido ba ya ce firiji sai baɗi.

Ina da baki, ban taɓa musu ba. Ranar har maƙwabta sun san an kawo kaya. Na tambaye shi ko sandar ce za ta sanyaya mana ruwa. Na ce da tsohuwa da sabuwa duk hannu ɗaya ne zai riƙe su, kuma hannun nan mun san gonar da yake aikawa. Wannan ta ƙarshen na yi da-na-sanin faɗinta. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari yana ofis likita ya leƙo ganin kaya. Ya zaro guda, ya gyara tsayuwa, sai na ga ya tsaya yana jujjuya ta.

"Uwargida, akwai matsala fa," in ji shi. "Waɗannan na bahago ne. Dubi inda kan ya fuskanta. Mai hannun dama ba zai iya wasa da su ba."

Innalillahi! Ga firiji ya tafi, ga kaya ba su da amfani. A bakin ƙofa na tsaya jiransa, ko takalmi ban bari ya cire ba.

"Malam, an cuce ka! Na hagu anka sawo maka!"

"Ba a cuce ni ba," ya ce. "Haka na ce a sawo."

"Don mi?"

Ya zauna a kan tabarma ya dubi tafin hannunsa. "Ni bahago ne."

Shekara goma sha huɗu ina aure da mutumin nan. Da dama yake ci, da dama yake rubutu, da dama yake miƙa wa mutane hannu. Ya ce yana ƙarami a Argungu komai da hagu yake ɗauka, Inna, mahaifiyarsa, ta ga za a yi mata dariya, ta riƙa ɗaure masa hannun da zane a jikinsa daga safe har yamma, wata da watanni, har ya daina miƙa shi. Ya ce bai taɓa riƙe ta a rai ba, haka ake yi wa kowa. Amma duk lokacin da ya ɗaga sanda a filin nan sai ya ji jikinsa na son juyawa ɗaya gefen, kamar wanda ya sa takalmi a baibai. Na tashi na kawo masa ruwa.

Kada a ɗauka sandunan sun yi abin mamaki. Abin ma ƙara lalacewa ya yi. Hannun da aka hana aiki shekara arba'in ba ya tashi rana ɗaya. Da can ƙwallon na shiga gona, yanzu wani lokaci ko taɓa ta ba ya yi, sai ƙasa ta tashi. Tafinsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Abokan suka daina tsokana, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Likita ya ce yana da wanda zai sayi sandunan a Jos ba tare da faɗuwa sosai ba. Maigidana ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata. Wallahi rabin zuciyata na son a sayar, rabi kuma na jin tausayinsa har ban iya kallonsa in yana shafa man kaɗe a hannun.

Ƙarshen watan muka tafi Argungu gaida Inna. Jakar na bayan mota, don lokacin ko'ina da ita yake yawo. Muna sauke buhun shinkafa ta hango ta.

Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta zama kusa da shi, magana ma sai ta bi ta kaina. Ta ce mini, "Mi na na cikin jakar ga?" Na yi mata bayani iya iyawata. Ban yi niyyar faɗin sauran ba, amma bakin nan nawa ya riga ni. Na ce, "Na hagu ne, Inna."

Sai ta ɗauki mayafinta ta ce a tafi ta gani.

Akwai wani fili bayan gidan inda ake shanya shinkafa. Ya ajiye ƙwallo ya buga. Ta farko ta gangara nan kusa kamar an ture ta da ƙafa. Ta biyu ta yi gefe, ta kori awakin mutane. Ya goge gumi ya ce mu koma gida, rana ta yi.

"Ki ce mishi ya sake," in ji Inna.

Ya sake. Na ji wata ƙara siririya da ban taɓa ji ba, ƙwallon ta tashi sama, ta tafi sak har ta sauka gindin wata tsamiya. Ba ta yi wani nisa na a zo a gani ba, kuma in faɗi gaskiya, har aka yi wa likita canjin wurin aiki maigidana bai taɓa cinye shi ba. Amma ranar ya tsaya da sanda a kafaɗa, baki buɗe, ya kasa motsi.

Inna ta taka a hankali har inda yake. A gabana, a gaban mata masu shanya, ta kama hannunsa na hagu, ta juya tafin, ta bi tabon bororon da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Tun da na shigo gidan ban taɓa ganin ta taɓa shi ba. Kuma wannan karon ba ta bi ta kaina ba, shi ta duba.

"Lokacin nan kana kuka, ni ma in shiga ɗaki in yi nawa," ta ce. "Na san zahin abin. Ni da igiya anka ɗaure nawa."